Takarda ta Arba'in da Uku

An ɗauke wuta tun la'asar.
Ina zaune a Unguwar Shanu da fitilar caji,
da jan biro, da takardun yara arba'in da uku.
Tambaya guda na ba su ranar Laraba:
me Tiglat-Filesar ya yi wa Assuriya?

Nafi'u ya haddace, bai zubar da ko wasali ba.
Sarki ya tarar hakimai sun fi gadon sarauta ƙiba,
sai ya yayyanka larduna
kamar mahauci mai kasa nama a Kasuwar Barci,
ya ɗora bayin fada marasa magada
don kada kujera ta haifi kujera.
Ya raba soja da fartanya.
Da can sai hatsi ya shiga rumbu ake ɗaura yaƙi,
shi ya ce rani da damina duk na mashi ne.
Wasiƙarsa tana canza alfadari zango-zango,
ba ta kwana inda dare ya same ta.
Goma bisa goma.

Rufa'atu garuruwa ta jero.
Arfad, shekara uku a kewaye
kafin ƙofa ta gaji.
Dimashƙa, aka sare mata itatuwan lambu.
Babila, inda ya kama hannun gunkinsu
ya ce ni ma naku ne,
takobi na rataye a ɗaya kafaɗar.
Ta manta shekara guda, na cire mata ɗaya.

Sauro ya same ni a takarda ta ƙarshe.
Zugwai, mai zama bakin taga,
wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba.
Babu jeri, babu shekara. Ta rubuta:

"Malam, ka ce yakan kwashe mutanen gari kaf
ya kai su inda ba a jin harshensu,
ya zuba waɗansu a ɗakunansu.
Ka ce dabarar mulki ce.
Ni tambayata, wa ya ɗauki turmi?
Kakata ta bar nata a Tudun Wada.
Ta haye gada da katifa a ka,
babana na riƙe da bakin zanenta.
Har yau makullin yana cikin gwangwanin madara
a gidanmu na Sabon Tasha,
kuma in ta ci gwaiba sai ta ce
ba ta kai ta tsakar gidanta ba.
Nafi'u ya ce su daga Kakuri suka taso, makon nan dai.
Wataƙila a kan gadar suka wuce juna,
kowa da katifarsa, ba sallama.
Mu ba sarkin da ya sa hannu, Malam.
To wa za mu rubuta?"

Na ajiye biro.

Akwai abin da ban faɗa musu ba, lokaci ya ƙure.
Duwatsun da ya sa aka sassaƙa a Kalhu,
da ƙidayar shanu da ta kamammu,
wani sarki a bayansa ya ciccire su
ya kai ginin kansa, ya juya rubutun ya dubi bango.
Mai kwashe mutane, shi ma an kwashe shi.
Amma ko a fuskar da aka juya
adadi ne kawai: dubu kaza, dubu kaza.
Ba sunan tsohuwa ko ɗaya.

Ruwan Agusta ya fara dukan kwano.
Can ƙasa kogin Kaduna ya cika ya batse,
yana lasar gaɓar nan, yana lasar waccan,
bai tambayi kowa unguwarsu ba.

Wuta ta dawo, yaran maƙwabta suka sa ihu.
Fanka ta ɗaga takardar, na danne ta da kofin shayi.
Tsarin maki ya ce: gyare-gyare huɗu, biyu da rabi kowanne.
Ba ta kawo ko ɗaya ba.
Gobe da ƙarfe takwas zan shiga ajin,
kuma gurbin makin nan har yanzu fari ne.